Kawu da Ƙofar Zauren Otal

Kawuna ya yi shekara da shekaru yana tsaron ƙofar zauren taro na wani otal, kuma ban taɓa ganin mutumin da aikinsa bai dace da shi ba kamarsa. In ka gaishe shi sau biyu, shi ke nan ka zama ɗan'uwa. Hukuma ta ƙayyade yawan mutanen da zauren zai ɗauka, a kan wannan sharaɗi aka ba otal lasisi, Kawu kuma aka ɗora wa cewa "an cika". Maganar nan kuwa ta fi ƙarfin bakinsa.

Manaja ya sha yi masa faɗa: "Baba, ƙofa muka ba ka, ba zumunci ba."

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce fa, daga nesa take. In dubi idonta in ce ta koma?"

Haushinsa nake ji har yau, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Ranar da wata makaranta ta kama zauren don yaye ɗalibai, tun da hantsi kujeru suka ƙare. Sai ga maƙwabciyarsa mai ɗinki riƙe da ƙaramar 'yarta, ta zo ganin ɗanta zai karɓi kyauta. Kawu ya kauce ta wuce. Na bayanta suka ce su ma ai mutane ne. Kafin a ankara masu tsayuwa sun toshe hanyar tsakiya, ko allura ba ta faɗuwa ƙasa.

Na'urar sanyaya ɗaki ta yi tartsatsi, hayaƙi ya tashi, wani ya ƙwala ihun gobara. Wutar ba ta kai ta kawo ba. Turmutsutsun bakin ƙofa ne ya kayar da yarinyar, aka tattake mata ƙugu.

Hukuma ta janye lasisin, otal ya sallami Kawu. Ba aikin ne ke cinsa ba, mai ɗinkin ce, don ko sau ɗaya ba ta ɗora masa laifi ba.

"Da ta zage ni, da na samu sauƙi," in ji shi.

Yarinyar ta warke, amma da ɗingishi. Kullum da safe ta ƙofar gidansa take bi zuwa makaranta, tana jan ƙafa. In ta iso gabansa sai ta dafa bango, ta fara ƙoƙarin durƙusawa ta gaishe shi.

"Bari, 'yata," yake cewa, kansa a sunkuye. "Don Allah bari."