Yadda Fanshon Baba Direba Ya Shekara Uku A Asusuna

Shekarun baya, in ka shigo garin Lafiya ka ce a nuna maka wanda ya fi kowa iya lissafi, ko akuyar bakin tasha ka tambaya za ta ɗaga ƙafa ta nuna maka ofishina. Ni ne akawun wani kamfani mai sayen riɗi, sitonmu yana wajen Akurba. Kalkuleta don ado nake ajiye ta a tebur. Na sha faɗa a gaban jama'a cewa ran da aka kama ni da kuskuren kwabo ɗaya, a aske mini gashin baki a tsakiyar kasuwa. Gashin bakin yana nan har yau, amma ku sani alfarma aka yi masa.

Wajen 2006 ne sabon tsarin fansho ya iso kamfaninmu. Kowane ma'aikaci zai buɗe asusunsa a kamfanin fansho, a ba shi lambarsa. Duk wata a yanki wani abu a albashinsa, kamfani ya ƙara kwatankwacinsa, a zuba masa. Tsohon kuɗin sallama da kamfani yake tara wa kowa, shi ma aka ce a juye shi cikin sabon asusun. Kuma abin da aka yanka na fansho ba a sa masa haraji. Duk wannan hidima a wuyana take, ni kuwa har wani daɗi nake ji.

Akwai wani dattijo a wurinmu, mutumin Kwandere, shi ke tuƙa babbar motar kamfani tun ban fara tsiro gemu ba. Kowa Baba yake ce masa. Sunana shi ne sunan mahaifinsa, sunansa kuma shi ne sunan mahaifina. Kamar a ce ni Isa Musa, shi Musa Isa. Saboda haka yake kirana Takwara na baibai. Bai yi boko ba, ni na cike masa fom, ya dangwala yatsa ya tafi lodi.

To shi fom ɗin nan na Turawa, sunan uba yake so a gaba, naka ya biyo baya. Mu kuwa ba haka muka tashi muka gani ba. Da jerin lambobi ya dawo daga kamfanin fansho, kowa sunansa ya zo a juye. Na duba na ga sunan Baba ɓaro-ɓaro, na kwafi lambar da ke gabansa na sa masa a layinsa. Ashe nawa sunan ne aka juya. Tawa lambar kuwa daga katin fanshon da ke aljihuna na kwafa, ban ko leƙa jerin ba, ai akawu ba ya neman sunansa a jeri kamar ɗan firamare. Lamba ce doguwa kamar layin mai, wa zai tsaya gwada ta? Layi biyu, lamba ɗaya, duka tawa.

A shekarar aka saya mana kwamfuta. Ni da kaina na tsara ta yadda za ta tara kuɗin fanshon kowa bisa lambarsa, ta cire kafin ta lissafa haraji. Ita kuwa baiwar Allah abin da aka ce ta yi shi take yi. Ta ba ni rangwamen mutum biyu, Baba ta bar shi babu ko ɗaya. Na ga harajina ya sauka, na ce albarkar ilimi ce. Duk ƙarshen shekara in buga takardun haraji, in sa hannu da wani irin lanƙwasa, in kai ofishin haraji ina taku ɗai-ɗai.

Takardar bayanin asusu kuma in ta zo, ba na buɗe ta sai a gindin mangwaron da muke cin abincin rana. In ɗaga ta sama in ce, "Ku naku kuɗin barci suke yi. Ni nawa tagwaye suke haihuwa." Abokina mai kula da sito har cizon yatsa yake yi. Shekara uku ina wannan wa'azi.

A farkon 2009 idon Baba ya fara gajiya, ya ce zai ajiye aiki. Ya riga ya tayar da ɗaki huɗu a Kwandere, ginin ƙasa, bango ya kai, saura rufi. Da kuɗin fanshon yake shirin sayen kwano da katako kafin damina. Duk wanda ya san ruwan Lafiya ya san abin da yake yi wa bangon ƙasa marar rufi.

Wata ranar Talata da hantsi ya shigo ofishina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Takwara, na je wurin masu fansho. Sun ce asusuna yana nan, amma babu kowa a ciki."

"Kamar yaya babu kowa?"

"Yarinyan ya juyo mini da talabijin nasa na gani. Sifili ne kawai yana kallona."

Na daki tebur. Na ce ɓarayin zaune ne, ba su san wanda suka taɓo ba. Yau ɗin nan zan rubuta takardar da za ta sa a rufe su. Na jawo fayil don in nuna masa hujja, na aza yatsa a layinsa, na bi har zuwa lamba. Sai na ga ƙarshenta kamar na san shi. Na laluba aljihu na fito da katina.

Fanka tana juyawa, amma gumi ya jiƙa ni har cikin safa. Na ce, "Baba, je ka gida, zan bincika." Ya sa hularsa ya ce Allah ya yi mini albarka. Wannan addu'ar ta fi mari zafi.

Abokina mai sito na fara gaya wa. Ya yi dariya har ya zauna a kan buhu, sannan ya rage murya. "Ka ce kwamfuta ce. Kowa ya san halinta. Ka ɗan haɗa masa wani abu daga aljihunka, a rufe maganar. In manaja ya ji, ka san sauran." Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta zauna mini a rai har bayan la'asar.

Da na koma gida na kwashe komai na faɗa wa maiɗakina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Wato tagwayen da kake ta yi mana kuri da su, ɗaya ɗan maƙwabta ne ka goya. To gobe ka mayar wa uwarsa." Na ce ba ki san yadda aikin ofis yake ba. Ta ce, "Na dai san yadda bango yake faɗuwa."

Washegari na kira Baba, muka shiga wurin manaja tare. Na yi bayani tun daga fom har zuwa kwamfuta. Manaja ya daɗe yana kallon gashin bakina. Ya ce kamfani zai sa hannu a duk takardar da ake buƙata, amma kuɗin mota da zirga-zirga daga aljihuna, kuma in ruwa ya rushe ginin dattijon nan, ni zan tayar da shi.

Baba tambaya ɗaya ya yi. "Kuɗin yana nan?"

"Yana nan, Baba. Har da riba."

"To ai bai ɓata ba. Ka fito da shi kafin ruwa."

Daga nan fa akawu ya zama akawu. Na zauna na ware wata talatin da shida, ɗaya bayan ɗaya: wannan nawa, wannan na Baba, ga tsohon kuɗin sallamarsa da aka juye mini, ga ranar da kowanne ya shiga. Kalkuletar ado ta sha aiki har lamba bakwai ta goge.

Aka ce sai mun yi rantsuwa a kotu cewa mu mutum biyu ne. Magatakarda ya karanta suna ya ce, "Waye wannan a cikinku?" Muka ɗaga hannu tare. Ya cire tabarau ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ya danganta da ta inda ka fara karantawa."

Babban ofishin masu fansho a Abuja yake. Na yi sawu har direbobin tasha suka fara ajiye mini gidan gaba, wani ma ya tambaye ni ko takara nake nema. Mutanen sun karɓe ni da mutunci, amma sun ce kuɗi ba ya fita daga asusun wani ya shiga na wani sai hukumar da ke sa ido a kansu ta amince. Sai jira.

Ban zauna jiran ba, na ɗauki fayil na nufi ofishin haraji. Wata mata na tarar, ta manyanta, da tabarau a kan hanci. Na ce na zo gyara takardun shekara uku da suka wuce, na biya ƙasa da abin da ya kamata, wani kuma an cire masa fiye da nasa.

Ta ajiye biro. "Oga, sake faɗa. Wani ne ya kama ka?"

"Babu wanda ya kama ni."

"Da ƙafanka ka zo ka ce ka biya ƙasa?" Ta leƙa ta kira na kusa da ita. "Zo ka gani, yau mun yi baƙo."

Ta nuna mini yadda ake yi. Kowace shekara da sabuwar takardarta, a manna tsohuwar a baya, a rubuta dalilin gyara, manaja ya sa hannu da hatimi. Sau biyu tana mayar da ni saboda na haɗa shekara biyu a shafi ɗaya. Na biya cikon harajina har da tara, ragon layyar shekarar ya koma ɗan akuya. Rarar harajin da aka cire wa Baba kuma aka zaftare daga abin da kamfani zai biya a gaba, kamfani ya ba shi a hannu. Ba wani abin kirki ba ne, ko bandir ɗin kwano ɗaya bai kai ba. Baba ya ƙirga ya ce, "Ƙusa ya samu."

Ana haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na roƙi abokina tamfol uku na rufe riɗi, muka ɗora a mota sai Kwandere. Ni da wannan tumbin nawa na hau bango ina ɗaure igiya, matan unguwa suna salati. An yi ruwa biyu, na biyun har da iska, kusurwa ɗaya ta zaizaye amma bango ya tsaya. A kwanakin nan ko gajimare na gani sai in fara neman motar Kwandere.

Ran da takardar amincewa ta iso, a tsaye na karanta ta sau uku. Aka kwashe kuɗin Baba daga asusuna, da ribar da suka tara, aka zuba masa. Ba a yi sati uku ba aka biya shi kason farko. Na yi ta zagaya sito ina ɗaga takardar kamar na ci kofi. Asusuna kuwa ya rame kamar wanda ya tashi daga taifot, na daina buɗe takardarsa a gindin mangwaro.

Abin mamaki, daga baya har akawunan wasu wurare matar nan ta ofishin haraji ta riƙa turo mini, wai in nuna musu yadda ake gyara takardun baya. Kuskuren da na so in binne shi ne ya zama abin da aka san ni da shi. Har yau in zan kwafi lamba, sai na sa yatsa na karanta da ƙarfi, in kuma tambayi mutum wanne ne sunansa, wanne ne na mahaifinsa. Kuma in na ga abu ya yi mini daɗi fiye da na kowa ba tare da dalili ba, na daina cewa ilimina ne, sai in duba ko na wani ne ya ɓato hanya. Ina alfahari da aikin nan, ba zan yi ƙarya ba. Dattijo ya kwana a ƙarƙashin kwanonsa, ni kuma na koma ina iya kallon idonsa.

Da aka gama rufi Baba ya kira 'yar walima. Aka ci tuwo aka yi addu'a, bakina kuma ya buɗe. Na miƙe ina ba mutanen Kwandere labarin yadda na girgiza Abuja, na tayar da ofishin haraji tsaye, na ƙwato wa Baba haƙƙinsa har kwabon ƙarshe. Ana ta jinjina kai. Wani tsoho ya ce, "Kai, Allah ya ba ka ɗa a ofis."

Baba ya gama suɗe hannunsa ya ce, "Gaskiya Takwara ya yi ƙoƙari. Shi ya ɓatar, shi ya nemo. Kuma da ya laluba aljihunsa tun farko, da bai kai Abuja ba."