Kaskon Garwashin Baba Bitrus

Bitrus mutumin Salka ne, firamare kaɗai ya gama. A makarantarmu ta 'yan mata a Kontagora, aikinsa wanke kwalabe da share ɗakin kimiyya. Ɗakin nan shi ne ransa. Shekara tara yana tsaye a bayan aji yana saurare, mujallun da malamai suka yar kuwa shi ke tsince su ya karanta.

A 1973, muna aji huɗu, malamin kimiyya ya tafi, wata biyar ba a turo wani ba. Shugabar makaranta ta ce Baba Bitrus ya riƙa zama da mu don kada mu yi surutu. Zama kawai, wai.

Wata safiya ya ce mana taurari gungu-gungu suke, kuma masana na zaton iska mai tsananin zafi ta lulluɓe kowane gungu, ido ba ya ganinta.

Salome, sarauniyar gardama a ajinmu, ta ce, "Haba Baba! Abin da ba a gani, wa ya je ya taɓo?"

Ya fita, sai ga shi da kaskon garwashi daga madafa. Ya ajiye a bakin ƙofa, inda rana ke shigowa.

"Garwashin nan su ne taurari. Kun ga wani abu a samansu?"

"Babu!"

"To ku dubi bango."

A farin bangon, saman inuwar kaskon, wani abu na rawa kamar ruwa. Ya ce, "Zafin ke nan. Haske ya ratsa shi ya tona masa asiri. Su ma masanan, hasken da ya fito daga can baya suke dubawa."

Muna cikin ihu sufeton ilimi ya leƙo. Ko kallon bangon bai yi ba. Ya ce, "Kai, ina takardarka ta koyarwa?" Shugaba tana tsaye, ta kau da kai kamar ba ita ta sa shi ba. Kafin mako ya ƙare aka karɓe makullin ɗakin daga hannun Baba Bitrus, aka mai da shi gadi.

Ni da Salome muka rubuta takardar koke, muka nuna wa Baba Bitrus. Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mana. "'Ya'yana, ku bari. Gadin ma in suka karɓe, yara huɗu gare ni."

Da sabon malami ya zo na tambaye shi zancen iskar. Ya ce ba ya cikin manhaja. Mai digiri ke nan fa!

Baba Bitrus bai sake taka ɗakin ba har ya yi ritaya. Amma da rana tsaka, in mun zo wucewa ta ƙofar makaranta inda yake gadi, sai ya nuna mana kwalta tana rawa can nesa, ya ce, "Salome, kin je kin taɓo?"