Shittu Tela da Mai Jirgin Gulbin Toka

Shittu bai yi nisa a karatun boko ba. Yana tsakiyar firamare mahaifinsu ya rasu, ya bar shi da uwa da ƙane guda, Jafaru. Sai ya ajiye makaranta ya tafi Achida koyon ɗinki wurin kawunsa. Da hannunsa ya faɗa, ya dawo Wurno ya kama shago a bakin kasuwa da keken ɗinki irin na ƙafa. Da keken nan ya ciyar da gida, ya kai Jafaru ƙarshen sakandare, ya kuma yi masa aure. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya son ƙarin gishiri a zance, ba ya yi wa mai kaya alkawarin ranar da ba zai cika ba.

Jafaru kuwa baki gare shi. Sana'arsa sarin bandar kifi a madatsar ruwa ta Goronyo, ya ɗora a babur ya zaga kasuwanni. Ba shi da abin so kamar littattafan yaƙi da aljanu. Shi ya kawo wani littafi mai suna Gulbin Toka shagon yayansa, kullum bayan la'asar sai ya haye tebur ya karanta da ƙarfi, Shittu na taka keke, 'yan majalisa na saurare.

Labarin wani Bawa ne, ɗan maƙeri, da ya fita neman maganin makantar da ta kama garinsu. A tsakiyar tafiya ya iso wani gulbi mai ruwa kamar toka, wanda ba a ƙetarewa. Can sai ga mai jirgi ya rufe fuska da rawani. Ya ɗauki Bawa, ya ƙi karɓar lada, da suka kai tsakiyar ruwa ya kira shi da sunan da uwarsa kaɗai take kiransa da shi tun yana goye. Ya sauke shi a ɗaya gaɓar, ya juya. Har littafin ya ƙare ba a sake ambaton mai jirgin ba.

Nan gardama ta tsaya, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Lawwali mai shayi ya ce aljani ne. Mujaheed mai cajin waya ya ce Bawan ne da kansa, ya tsufa ya dawo ya taimaki ƙuruciyarsa. Har Adawiyya matar Jafaru ta aiko daga cikin gida cewa mace ce, uwarsa ce ta biyo shi a ɓoye. Jafaru ya kafe cewa wan Bawa ne, wanda aka faɗa a farkon littafin cewa ya ɓata tun yana yaro.

"Yaya, wa ka sanin sunan goyo in ba ɗan ɗaki ba?" in ji shi. "Wan nan nai na. Bai mutu ba, shina can shina jiran ranar da ƙanenai ka buƙatatai."

Shittu ko ɗaga kai ba ya yi daga ɗinki. "Kai dai kana son wahalad da kanka. Marubucin mantawa yay yi da shi. Shi ke nan."

"Mi? Mutum shi zauna shi rubuta wanga abu, sannan shi manta?"

"Ni ma nikan manta da aljihu ga riga."

Sai majalisa ta fashe da dariya, Jafaru ya ce Allah ya shirya yayansa. Shekara da shekaru suna haka. Ko a wurin suna, ko a hanyar dawowa daga masallacin Juma'a, da an ɗan yi shiru Jafaru zai kawo sabuwar hujja, Shittu ya watsar da ita da kalma biyu.

Wata damina, ranar kasuwar Rara, Jafaru ya ɗaure kwandunan kifi a babur ya kama hanya. Bai dawo ba. Washegari aka tsinci babur ɗin a gefen gonar gero, kifi a watse, ƙudaje na bi. 'Yan bindiga ne suka tare hanya suka kora matafiya cikin daji.

Sauran da aka kama tare da shi sun dawo ɗaya bayan ɗaya, a rame. Shittu ya bi su gida gida. Wani ya ce tun ranar farko aka raba su, Jafaru ya bi wata tawaga. Wani ya ce ya ji an ce ya gudu. Wani ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai ga komai ba. Ba wanda ya taɓa kiran waya neman kuɗin fansar Jafaru. Shittu ya rufe shago ya yi ta yawo, Rabah, Gandi, Goronyo, duk inda aka ce an ga wani da ya kuɓuto. Da ƙarfinsa ya ƙare ya dawo kan keke, don ga Adawiyya da 'ya'ya, ga tsohuwa.

Abu ɗaya ya hana: ta'aziyya. Duk wanda ya ce Allah ya jiƙan Jafaru, sai Shittu ya ce, "Ka ga gawatai?" Har mutane suka daina.

Majalisa ta ci gaba da taruwa, ba mai karatu, sai hira. Wata rana wani baƙo da ya kawo gyaran wando ya ji ana maganar mai jirgin, ya yi dariya ya ce ai marubucin mantawa ya yi. Shittu ya tsayar da keke. Idonsa ya kaɗa.

"Ba a mantawa da mutum haka nan," ya ce. "Wan nai na. Shina nan."

Lawwali ya tattara kofunansa ya fita. Daga ranar Shittu ya ɗauki maganar ƙanensa ya riƙe, yana kawo hujjojin nan da ya saba watsarwa, ɗaya bayan ɗaya, da irin kalmomin Jafaru.

Ana nan, bayan shekaru, ya je Sakkwato sarin yadi. Wani mai sayar da littattafai ya gaya masa ai marubucin Gulbin Toka yana raye, Malam Siddiq ne, tsohon malamin makaranta. Shittu ya bar yadinsa ajiya, ya yi ta tambaya har ya kai ƙofar gidan. Ya tarar da dattijo a zaure, ido ya yi rauni, jikoki na shige da fice. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam Siddiq ya yi murmushi. "Mai jirgi? Ikon Allah. An sha yi min wagga tambaya. Ɗana, yaron nan nika son shi ƙetare ruwa, babu gada, sai nik kawo mai jirgi. Da yas sauke shi, aikinai ya ƙare."

"To sunan goyon hwa, Malam?"

"Adon magana na kawai. Na ga zai yi daɗi ga kunne."

"Ba wan nai na ba?"

Dattijon ya ji wani abu a muryar, ya matso da fuska yana ƙoƙarin ganinsa. "In kana son shi zama wan nai, ai babu laihi."

"A'a, Malam," in ji Shittu. "Gaskiya niz zo nema."

Ya yi godiya ya tashi. A motar komawa ya zauna a kujerar baya, yadi a kan cinya. Ashe shi ne mai gaskiya tun farko, ga shi babu wanda zai je ya tsokana da ita. Sun wuce Achida kenan kuka ya ƙwace masa, irin wanda bai yi ba tun ranar da aka tsinci babur. Wata tsohuwa da ke gefensa ba ta tambaye shi komai ba, ta dai yi ta cewa, "Haƙuri, ɗana, haƙuri."

Bai gaya wa 'yan majalisa ya ga marubucin ba. Da suka sake tayar da zancen, ya ce su yi abinsu, shi ya fita daga ciki.

Dama mahaifin Adawiyya ya sha zuwa a kan maganar 'yarsa, Shittu na kaucewa. Wannan karon da kansa ya je ya same shi. Lokacin jira da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓata ya riga ya cika, suka je gaban alƙali, aka yi hukunci, Adawiyya ta shiga takaba. Ran nan da Shittu zai fita daga gida, ta kira shi daga bayan labule.

"Yaya, ka ji wani labari na?"

"Ban ji komi ba, Adawiyya. Na dai gaji da riƙe ki."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka yi fura da waina na sadaka. Masunta suka zo daga Goronyo, 'yan kasuwa daga Rara, mutanen da Shittu bai taɓa gani ba, kowa da abin da zai faɗa na kirkin Jafaru. Liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shittu ya daɗe yana duban tafin hannunsa, kafin ya ce amin, ya shafa.

Bayan takaba Adawiyya ta koma gidan iyayenta, daga baya ta yi aure a Rabah. Manyan 'ya'yan suka zauna wurin Shittu, ya haɗa su da nasa. Har yanzu yana shagon nan na bakin kasuwa. Idonsa ya fara gajiya, sai ya fito bakin ƙofa wajen haske kafin zare ya shiga allura.