Wayar da Aka Yi wa Baba Masinja

Shekara ashirin da takwas maƙwabcina Baba Masinja ya yi yana kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Aji huɗu ya tsaya a makaranta, amma ya tsinci Turanci a bakin ƙofofin manya, kuma yana ji da shi. Har akawu yakan yi wa gyara, a yi ta dariya.

Da autansa ya samu shiga makarantar horar da 'yan kwana-kwana, a bakinsa Baba ya koyi "pass out", wato ranar gama horo, ranar fareti da sabon kaki. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ji: "Saura wata guda ɗana ya yi pass out."

Wata Talata da hantsi aka kira shi. Mace ce, ba ta jin Hausa, layin kuma yana yankewa. Abin da ya kama kawai shi ne, "Your son passed out." Ya yi mata godiya har sau uku, ya kashe wayar.

Ya koma gida da kwalin lemo. Matarsa ta ce, "Malam, ba ka ce sai wata mai zuwa ba?"

"Yaron ne da ƙoƙari, sun sallame shi da wuri."

"To me ya hana shi kira da kansa?"

"Ke, me kika sani a aikin kaki?"

Washegari ya ba akawu labari. Akawu ya ajiye biro, ya ce, "Baba, maimaita min abin da ta faɗa." Ya maimaita. Akawu ya ce a hankali, "Kalmar nan tana nufin suma ma. Kawo lambar."

Da suka kira, ashe asibiti ne. Auta ya yanke jiki ya faɗi wajen gudun safe, zuciyarsa ce. Da ya farfaɗo ya yi ta tambayar ko babansa ya taso. Tafiyar awa shida ce a mota. Su Baba sun isa bayan la'asar, Auta kuwa ya cika da azahar.

Baba ya ƙarasa shekara biyun da suka rage masa ya yi ritaya. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, daga ɗaki sai benci a ƙofar gida. In waya ta yi ƙara, miƙa wa na kusa yake yi.

Matarsa ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, ko sau ɗaya, har ta rasu bara. Ranar da muka dawo daga binne ta ya ce min, "Da ma ta zage ni."