Tsohon Ɗan Baya a Kasuwar Isa

Bana ma damina ta ƙi, gero ya zama gwal a kasuwar Isa. Habi mai awo tana kallon wani baƙon tsoho mai faɗin ƙirji, ƙwaurinsa duk tabo. Ta ce a ranta wannan ya sha shuri a duniya.

Sai ga akuya, yunwa ta koro ta, ta nufo tarin geron Habi. Tsohon ya maida hannuwa baya, ya ɗan rusuna. Ta yi dama ya tare, ta yi hagu ya tare, har ta haƙura.

Habi tana dariya ta ce, "Baba, mi ya hana ka cafke ta?"

"Ɗiyata, baya na tsare wa 'yan ƙwallon Gusau tun zamanin Turawa. Hannu ai sai gola!"