Jaririn Roba a Kuncin Noemi

Idan kuka biyo ta unguwarmu ta Coecillo kwanan nan, za ku ji ana cewa 'yar kawuna Noemi ta haɗiye Jariri Yesu. Wai tun watan Janairu yana cikinta yana girma. Mai sayar da madara ya rantse likita ya haska cikin, ya tarar da jaririn zaune ya harɗe ƙafa yana ɗaga masa hannu. Wata tsohuwa ma har gicciye take yi a goshi in Noemi ta wuce. Ni kuma na ƙara da cewa in bas ta faɗa rami, 'yan kujerar baya na jin yana ƙwal-ƙwal.

To, ku kwantar da hankalinku, ƙarya ce tsagwaronta. Jaririn na roba ne, bai kai ɗan ƙaramin yatsa ba, kuma yana nan a bakin tagarta kusa da man gashi. Ba ta haɗiye shi ba. A kunci ta ɓoye shi, tun hantsi har aka tashi aiki. Kaka Chole ce ta je sayen waina ta ba da labarin a karkace, unguwa ta ƙarasa sauran.

Ni sunana Fermin. A aji huɗu na sallami makaranta, don na ga malaman sun gaji. Gida ɗaya muka tashi da Noemi a hannun Kaka Chole. Da aka haife ta namiji aka rubuta, aka sa mata sunan kakanmu. Sunan nan ba zan faɗa ba, ta ce ranar da ya fito daga bakina za ta ɗinke mini leɓe da zaren takalmi. Tun muna ƙanana ta san ita mace ce, mu ne muka makara. Da ta girma ta je babban birni ta canja takardu, ta dawo Noemi. Sai dai unguwa ba takarda take karantawa ba. Kowa ya san ta tun tana yawo da gajeren wando.

A garinmu Leon kowa ɗan takalmi ne, ko jariri warin gam yake fara shaƙa. Noemi mai ɗinkin saman takalmi ce. In ta hau keken ɗinki, allura har hayaƙi take yi. Duk da haka sau biyu ana korarta. Na farko wani direba ɗan unguwarmu ne ya kai fata shagon, ya hango ta, ya ƙwala mata tsohon suna da fara'arsa. Ranar Asabar maigida ya ce kasuwa ta yi sanyi. Ranar Litinin wata na zaune a kan kekenta. Na biyu ma kusan haka ne, sai dai su ko ƙaryar kasuwa ba su yi mata ba.

Shi ya sa ta nemi aiki can ƙarshen gari, inda sai ka hau bas biyu, a shagon Don Eusebio mai takalman makiyaya. Mutum ne da ya cika bango da hotunan waliyyai har ba wurin rataya agogo. A can ba wanda ya san komai, kuma ta shekara da shekaru tana gadin wannan rashin sanin. Ba ta dariya da ƙarfi, don dariyar babanta gare ta. In rediyo ya saki waƙa mata suna bi, ita sai ta danna keke. Abincin rana a bayan tarin fata take ci ita kaɗai. Ba ta zuwa bikin kowa, don kada a ce za a rama mata. Sun sa mata suna Waliyyiya. Ni da na san bakinta, da na ji sunan sai da na kwanta a ƙasa.

Abin da ta fi tsoro a shekara shi ne shida ga Janairu, ranar burodin Sarakuna. Don Eusebio yakan sayo ƙaton burodi mai zobe, kowa ya yanka rabonsa da hannunsa. Wanda ya ci karo da jaririn roba mai wakiltar Yesu a ciki, shi zai ciyar da jama'a tamal, wato dafaffen ƙullin masara, ranar bikin Kyandir, biyu ga Fabrairu. A wasu shagunan kawo tukunya kake yi wurin aiki a gama. A nan kuwa maigida ya ce albarka gida take bi, saboda haka duk shago ake kwasa a je gidan mutum. Gidanmu ke nan, inda hoton Noemi da kwat ɗin maza na ranar fara karɓar jibi a coci yake rataye a falo, inda maƙwabta ashirin za su leƙo, inda Kaka Chole ke kiran sabon suna daidai sai in murna ta kama ta.

Kowace shekara da dabararta. Bara ta ce haƙori, bara waccan ciki. Bana Doña Meche, shugabar masu ɗinki, ta damƙa mata wuƙa.

"Waliyyiya, yau ko aljanu gare ki sai kin yanka."

Ta yanka siriri kamar takarda. Duk da haka da ta kai baki, haƙori ya ce ƙas. Sai ta tura shi kunci ta ci gaba da tauna iska.

Aka cinye burodi tas, ba jariri. Don Eusebio ya yi jawur. Ya ce shi da idonsa ya ga mai gashin burodin ya saka shi.

"Wani a cikinku ya ɓoye Ɗan Maryamu saboda rowar masara. Wanda zai yi mini ƙarya a kan wannan, zai yi a kan fata. In na gano shi, ya nemi wani shagon."

Noemi ta wuni tana ɗinki da jariri a baki. In an yi mata magana sai ta gyaɗa kai. Doña Meche ta dube ta ta ce, "Haƙorin bara ne ya dawo, 'yata? Kuncin ya kumbura ta gefe ɗaya." Ta tsaya ta ƙara kallonta, sannan ta wuce.

Da ta dawo gida na tarar da ita a bakin famfo tana wanke shi.

"Barka da sauka, 'yar kawu. Mace ko namiji?"

"Fermin, in na yi shiru Meche ta gani. In na faɗa, za su zo nan."



Washegari ta ajiye jaririn a teburin Don Eusebio, ta ce kunya ce ta kama ta don ɗakinta ƙarami ne. Ya yi fara'a, ya mayar mata da jaririn, ya ce ai Yesu ma a turken dabbobi aka haife Shi. Saura ɗakin da za mu nuna a matsayin nata. Ina da aboki direban babbar mota da ya yi arewa ya bar mini makulli, can wata unguwa inda ko kare bai san mu ba. Muka share, muka cire kalandar matan banza, ta shimfiɗa mayafinta a gado ta ajiye tukunyar fure. Ta ce ni maƙwabci ne mai taimakon ɗaukar kaya.

"Tsakanina da kai gaisuwa ce kawai. Ka ji?"

"Na ji, Doña."

Kaka Chole ce ta yi tamal ɗin, don na Noemi in ka jefi bango da shi sai bango ya tsage. Tsohuwa ta dama masara da kitse, ta naɗe a ɓawo, mai ja daban mai kore daban. Da tukunya ta sauka, sai ga ta ta fito ɗaki da mayafin zuwa coci da 'yan kunne. Ta ce za ta ga mutanen da jikarta ke aiki da su.

Noemi ta tsaya riƙe da murfin tukunya.

"Kaka, motar ba wuri."

Motar a-kori-kura ce, ko shanu uku za ta ɗauka. Kaka ta dubi motar, ta dubi Noemi. Ta cire mayafin ta ninke shi a hankali.

"Dama ƙafata na damuna. Ka tafi kada ya huce." Ta ji ta kira jikarta da na namiji, ta rufe baki da hannu. "Ki tafi, Noemi."

Biki ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Don Eusebio ya ci tamal har sai da ya kwance bel. Ya ce a duk shekarun nan bai ga gidan da ya kai wannan tsafta ba, ko hoto ɗaya babu a bango. Doña Meche ta ce wannan hannun tsohuwa ne, wa ya koya mata?

"Kakata."

"Tana raye?"

"Tana nesa."

"Ke kaɗai kike a garin nan ke nan? Ba uwa ba dangi?"

Ina tsaye kusa da su da tulun kunun masara a hannu. Noemi ba ta ko kalle ni ba.

"Ni kaɗai, Doña Meche."

Da yamma suka watse. Maigida ya dafa kafaɗarta ya ce ma'aikata irinta yake so, marasa hayaniya, kuma kekenta nata ne har ta tsufa. Ta naɗe tamal huɗu da ta ɓoye wa Kaka, ta zauna a bakin gadon mutumin da ba ta taɓa gani ba, ta cire takalmi. Sai na koma sana'ata ta tsokana.

"Kai, 'yar kawu, na ga matsorata amma ke sarauniyarsu ce. Wuni guda da Allah a kunci, ɗakin aro, kakar da ta yi nisa alhali tana bakin titi. Da ni ne, tebur zan hau in faɗa musu komai, wanda zai mutu ya mutu."

Ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai sau nawa aka kore ka, ɗan goggo? Barci, makara, shan giyar maigida. Duk da dalili. Ranar da ka riga kowa zuwa, aikinka ya fi na kowa, aka kore ka don wani ya gaishe ka, ka zo ka koya mini hawa tebur. Yanzu ɗauki tukunya, maƙwabci, Kaka ba ta ci komai ba."