Baba Kyari Ɗalibin Gara

A unguwarmu ta Birni, in ka ce Baba Kyari magini, sai a tambaye ka: mai hira da gara? Shi ɗin ne, ba shi da na biyu. Gajere ne, ƙafafunsa kamar an gasa su, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin farcensa babu laka ba. Kakanninsa daga Barno suka zo, ginin ƙasa kuwa wurin ubansa ya gada. Da siminti da tol, wato kwanon rufi, suka cika Damagaram, sai aikinsa ya koma ɗinkin katanga da toshe ramin ɓera. Bai taɓa kuka da haka ba. Cewa yake, "Ku yi ta gina tanderu kuna shiga. Ranar da kuka nuna, kwa neme ni."

Kajin yayarsa, Ya Falmata, su suka kai shi karatu wurin gara. Mijinta ya rasu, da ƙwan kaji take riƙe kanta da jikoki. Akurkinta na tol ne. Kowace bazara, in rana ta take, kuran na lantarki ya ɗauke, bantilater ya daina fifita, sai kaji su hangame baki su yi ta zubewa. Bara rabinsu suka tafi. Ta rantse in na bana suka bi su ta bar kiwo, ta zauna jiran abin hannun 'ya'ya, abin da ta fi tsana a duniya.

A hanyar Durum, inda Baba Kyari yake haƙar ƙasa, akwai wani suri da ya fi shi tsawo, ko da yake wannan ba abin yabo ba ne ga surin. Wata rana ya ɗora hannu a bakin ramin sama, ya ji iska mai ɗumi tana fitowa. Daga nan ya kamu. Ya riƙa komawa safe da rana da yamma, ya yi bismillah, ya tsuguna. Ya ɗaure gashin kaza a zare, ya rataya a bakin kowane rami don ya ga ina iskar ta nufa. Ya kunna tsumma ya bi hayaƙi da ido. Ya sami wani tsohon suri da gara ta bari, ya sare shi gida biyu, ya wuni yana leƙen lungunansa.

Kowa ya san abin da ake cewa yana kwana a suri. Da ya zo wucewa ta fadarmu muna shan shayi, na ce, "Baba, an ce aljanu sun ɗauke ka lakol. Aji nawa ka kai?"

Ko tsayawa bai yi ba. "Na wuce inda aka koro ka."

Sai ya yi wa kajin yayarsa gini. Bango mai kauri, rufin azara da ƙasa, ƙananan ƙofofin iska jere a gindi ta ɓangaren inuwa. A bisa kuma ya fasa gindin tuluna ya ɗora wani kan wani, suka yi dogon wuya. Wasu suka ce kabarin raƙumi ne. Amma in ka sa kai ciki da azahar sai ka ƙi fitowa. Iska tana shiga ta ƙasa, mai zafin tana ficewa ta wuyan, ba kuran ba waya. Kaji suka tare, suka ci gaba da zuba ƙwai.

Ana tsakiyar bazara aka yi wa Ya Falmata jika, za a yi suna a gidanta. Mu nan ba a tarbar baƙi da bango mai rami, balle a gidan yayar magini. Ran jajibiri da sassafe ita da maƙwabciyarta Aisa suka kwaɓa ƙasa da kashin shanu, suka yaɓe gidan kaf. Da suka iso akurki suka shafe ramukan nan sumul, har da zanen yatsa don ado.

Ran suna, rana na takewa, aka ji salati a bayan gida. Kaza biyu sun miƙe ƙafa, sauran sun baje fukafukai suna haki. Baba Kyari ya taso daga tabarmar maza da goro a baki, ya tsaya gaban bangon.

"Yaya, ina ramukana?"

"Ramukanka? Na rufa maka asiri! Mutane su zo daga Mirya su ce ƙanena ya manta gini?"

"Hancin ɗakin kika toshe!"

"Ɗaki da hanci? Kyari, kai da aljanunka! To macijin da na gani yana leƙe shekaranjiya fa, shi ma numfashi ya zo yi?"

Maganar maciji gaskiya ce, kuma bai taɓa tambayar gara yadda take yi da nata baƙin ba. Amma babu lokacin tunani. Ya fizge taɓarya daga hannun wata mai daka, ya bi gindin bangon yana ɓurma yaɓen ɗaya bayan ɗaya, babbar rigarsa ta suna tana shan ƙasa. Ya Falmata tana binsa tana yayyafa wa kaji ruwa, tana yi masa faɗa ba ta fasa ba.

Da ya gama ya ce, "A kawo mini rariya. Duk wadda ke gidan nan."

Mata suka yi ca, ana cikin tankaɗen garin tuwon suna. Ya Falmata ta dubi kajin, ta dubi matan, ta ce, "Ku ba shi." Ya yayyanka wayar rariyar, ya liƙa a bakin kowane rami da laka: iska ta wuce, maciji ya nemi wani gidan.

Kafin la'asar kajin suka rufe baki, suka miƙe suna rububin ruwa. Ba wadda ta ƙara faɗuwa, ranar ko bayanta. Tuwon sunan dai da tsaki muka ci shi, har wata tsohuwa daga Mirya ta tambaya wace ƙazama ce ta tuƙa. Ya Falmata ta ce, "Ƙanena ne," ta wuce akurki da ƙwaryar kwasar ƙwai.